Kwari ya doshi layinmu a Gombe, me za mu yi kafin damina?

Mazaunin Kagarawal: Assalamu alaikum. Kullum ana batun zaizayar ƙasa a rediyo, da ayyukan gwamnati na magance ta, wato ACReSAL da Bankin Duniya ke tallafawa da NEWMAP da ya gabace shi, amma manyan kwarurruka ake kamawa. Namu ƙarami ne, zurfinsa bai fi mita 2 ba, sai dai duk damina yana matsowa. Wasu sun ce mu cike shi da shara, wasu sun ce buhunan yashi. Wace shawara za ku ba mu?

Injiniyan Ruwa: Wa alaikumus salam, Malam. Batun shara ku ajiye shi gaba ɗaya. Leda ba ta riƙe ƙasa, ruwan farko zai kwashe ta ya toshe kwalbatin da ke ƙasanku, ambaliya ta koma gidajen mutane.

Ku lura, kwari ta kansa yake ci. Ruwa ya zubo daga sama, ya rarake gindin gaɓa, saman ya rufta, sai kan ya ja da baya ya nufi tudu. Ƙasar Gombe kuma mai rairayi ce, garin yana gangare daga tudun yamma zuwa gabas, ga rufin kwano da ya ƙaru sosai tun da ya zama babban birnin jiha a 1996. Rufi mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa milimita 40, lita 4,000 yake zubarwa, duro 20 ke nan daga gida ɗaya. Ku ƙirga gidajen da indararonsu ke kallon layin. Duk mai hali ya sa tanki, ko ya haƙa ramin tsotse ruwa cike da tsakuwa, nesa da tushen gini da masai.

Shi kuma kan kwarin a sassaƙe shi ya kwanta, a shimfiɗa tsakuwa, a jera manyan duwatsu a kai. A cikin kwarin a yi 'yan shingaye na ragar waya da duwatsu, kada tsayinsu ya kai mita 1. Inda aka fi yin kuskure shi ne gefe: in ba a cusa shingen kamar rabin mita cikin kowace gaɓa ba, ruwa zai zagaye shi ya buɗe sabuwar hanya. Tsakiyar shingen ta fi gefe ƙasa, sannan a zuba duwatsu a inda ruwan zai faɗo.

Malamin Gona: Injiniya ya gama magana a kan dutse, saura shuka. Ciyawar jema ita ce gwanar wannan aiki, domin saiwarta tana nutsawa mita 2 zuwa 3 kai tsaye, ba ta yaɗuwa ta mamaye fili. A raba tushenta, a datse ganyen ya rage kamar santimita 20, a dasa a jere a gicciye da gangaren, tazarar santimita 10 zuwa 15. Jere mai giɓi ba shi da amfani, ta giɓin ruwa zai tattaru. A dasa bayan ƙasa ta jiƙe sosai, a kuma tsare ta daga awaki har ta kama. Tsiron da ake kira kashe-kwari ma yana kamawa da wuri, amma yana cutar da awakin da suka yawaita cinsa, don haka a unguwa mai kiwo ban ba da shawararsa ba.

Magini: Buhunan yashi na agajin gaggawa ne kawai, ranarmu tana cinye buhun cikin 'yan watanni. In dole ne, a cika kashi biyu cikin uku, a jera su kamar bulo, a daddanne. Kuma don Allah kada ku yi karo-karo ku gina magudanar kankare da za ta ƙare a tsakiyar hanya. Ruwa a kan siminti gudu yake ƙarawa, inda ginin ya tsaya nan sabon kwari zai fara.

Injiniyan Ruwa: Gaskiyar Magini. Na ƙara da cewa in gaɓar ta fara tsagewa kusa da katanga, ko zurfin ya wuce mita 3, aikin ya fi ƙarfin gayya. Ku kafa turaku a bakin kan kwarin yau, ku auna bayan kowane ruwa, ku ɗauki hoto, mai unguwa ya sa hannu a takarda ku kai Ma'aikatar Muhalli. Ɗakin da ke bakin gaɓa kuwa kada a kwana cikinsa a watan Agusta.