Fentin Azurfa a Kan Samfurin Jirgin DH.9A: Abin da 'Yan'uwa Suka Gani a Unguwannin Kumasi

Daga Aboabo:
Assalamu alaikum. Ina haɗa ƙaramin samfurin roba na jirgin sojan Ingila mai fukafukai hawa biyu, wato DH.9A, a ma'aunin 1/72, wanda faɗin fukafukansa bai kai santimita 20 ba, alhali na ainihin jirgin mita 14 ne. Na zaɓe shi ne domin irinsa guda uku ne suka taso daga Masar suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925, a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, kuma daga Kano kakana ya zo garin nan fataucin goro. Damuwata ita ce, fentin azurfar da na fesa wa fiffiken sama da yamma, bayan ruwa ya ɗauke, ya wayi gari da wani farin hazo a kansa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa cin karo da irin wannan su faɗi yadda suka yi.

Daga Suame:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fentin mota ne sana'ata a Magazin, wato unguwar makanikai ta Suame, kuma wannan hazon mun san shi sarai. Idan tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, tana bushewa da sauri sai ta sanyaya fuskar abin da aka fesa, laimar da ke cikin iska ta kwanta a kai, fentin ya kulle ta a ciki. A damina ba na taɓa bindigar feshi sai rana ta take, tsakanin hantsi da azahar, kuma haka na yi da samfurin da na taya ɗana fentawa, ya fito tas. Ka bar naka ya bushe sosai, ka goge shi da samfefa mafi laushi tare da ruwa, sannan ka sake fesawa sama-sama har sau uku. Sai dai ka kiyayi tinar mota, domin da idona na ga ta narkar da robar fiffike har ya lanƙwashe.

Daga Asawase:
Malam mai feshi ya yi gaskiya, amma kada wani ya ɗauka cewa hunturu ne mafita. Tsakanin Disamba da Fabrairu fenti yakan bushe tun bai sauka a jikin roba ba, ya fito da kaushi, ga kuma ƙura. Ni nakan yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, kuma da na gama feshi sai in rufe jirgin a cikin mazubin roba mai murfi.

Daga Sawaba:
Yarana, akwai wani abu da ya kamata ku duba kafin maganar yanayi, wato irin azurfar kanta. Na daɗe ina haɗa waɗannan jirage, kuma kuskuren da na fi gani shi ne a mayar da su suna walƙiya kamar sabuwar tukunyar dalma. Fukafukan DH.9A katako ne da aka lulluɓe da yadin lilin, aka shafe shi da wani ruwan fenti mai garin alminiyam domin ya kare yadin daga zafin rana, saboda haka ƙyallinsa a dushe yake. Nakan zuba ɗan farin fenti ko mai launin toka a cikin azurfar, in bar ainihin ƙyallin ƙarfe ga sassan inji kaɗai. Kafin haka nakan ja siririn layi mai duhu a kan kowane haƙarƙarin fiffike, yadda idan azurfa ta hau, inuwarsa za ta riƙa leƙowa daga ƙasa. Tambarin nan mai da'irar shuɗi da fari da ja kuwa, kada a manna shi sai a kan fenti mai santsi, in ba haka ba iska za ta maƙale a ƙarƙashinsa, gefensa ya yi fari. Shawarata kuma ita ce a gama fenti da tambari gaba ɗaya kafin a ɗora fiffiken sama, domin buroshi ba ya shiga tsakanin sandunan nan idan an riga an kafa su.

Daga Asawase:
Baba, Allah ya ƙara girma. A kan wayoyin da ke ɗaure fukafukai, da yake ni tela ne, zaren ɗinki na fara gwadawa, sai na tarar yana da gashi-gashi, yana kama ƙura, kuma yana saki idan damina ta kankama. Zaren fatsa mafi siriri shi ne ya yi mini. Nakan huda fiffike da allura, in zura zaren, in ɗiga masa gam mai saurin kamawa, in ya yi sako-sako kuma in kusantar masa da garwashin turaren tsinke, nan take ya miƙe.

Daga Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na goge fiffiken, na kuma cakuɗa azurfar da fenti mai launin toka kamar yadda Baba ya ce, yanzu ranar da gari zai washe nake jira. Saura tambaya ɗaya: farfela da sandunan da ke tsakanin fukafukai, da wane fenti kuke fito da kamannin katako a kansu?