Kwamfutar da ba a iya yi wa ƙari, ta ƙwararru ce kuwa?

Injiniya: Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana, mai fushi ya yi. Duk kwamfutar tebur da ba za ka iya ƙara mata RAM, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, ba, ba kuma za ka iya sauya mata katin zane mai sarrafa hoto ba, ba ta cancanci a kira ta kwamfutar ƙwararru ba, ko da akwatinta ya kai firji. Da Mac Pro ta 2023, kwamfutar kamfanin Apple, nake. Ku dubi yayarta ta 2019: gurabun RAM 12, tana ɗaukar har terabait 1.5, gurabun PCIe 8 na cusa katuna, furosesar Xeon mai ƙwayoyin lissafi har 28, na'urar ba da wuta mai wat 1,400. Sai ga ƙanwar ta zo da furosesar Apple mai suna M2 Ultra, RAM a manne da furosesa, iyakarsa gigabait 192, kashi ɗaya cikin takwas ke nan na abin da yayar ke ɗauka. Abin da ka zaɓa ranar saye, da shi za ku tsufa. An bar gurabu 6 a buɗe, amma ka cusa katin zane a ciki ka gani, ko kallonsa ba za ta yi ba.

Mai Tace Bidiyo: Wa alaikumus salam. Injiniya, ka ƙirga girman randa ka manta da faɗin bakinta. RAM ɗin ta 2019 ta hanyoyi 6 yake bi, gudunsa duka bai wuce gigabait 140 da ɗoriya a daƙiƙa ba. Na M2 Ultra gigabait 800 ne a daƙiƙa, kuma furosesa da sashen zane kwano ɗaya suke ci. A tsohon tsari sai an kwashi hoto daga RAM, a tura shi ta gurbin PCIe zuwa ƙwaƙwalwar katin zane, a sarrafa, a dawo da shi. Wannan kai-kawon ne ke cinye mana lokaci. Kuma ka tuna katin Afterburner da ake saya daban don bidiyon ProRes? Yanzu aikinsa yana cikin furosesar, Apple ma ta ce daidai da guda 7. Gurbin da ka ce an hana ni, katin da zan saka a cikinsa ne aka riga aka ba ni. Tsakani da Allah, sau nawa ka buɗe taka tun da ka saye ta?

Injiniya: Sau uku, Hajiya, kuma na ukun ne ya ceci aikina. Ina lissafin yadda nauyi zai rarrabu a jikin wata gada, na ƙara yawan ɗigogin samfurin don sakamakon ya fi inganci. Can tsakar dare RAM ya cika, kwamfutar ta koma juye bayanai cikin ma'ajiyarta ta SSD. Fitilar gaba sai ƙiftawa take, lissafin da ya kamata ya ƙare kafin asuba ya nuna mini kwana uku. Na kashe ta. Da sandunan RAM huɗu suka iso, na zare murfin gefe, na buɗe maƙallan, na danna kowace sanda sai da ta ce ƙas. Ko minti 15 ban yi ba. A irin wannan aikin saurin RAM ba ya tsinana komai idan samfurin bai shiga ciki ba. Ranar da na sayi kwamfutar ban san wannan aikin zai zo ba, to ta yaya zan zaɓi RAM ɗinsa tun a lokacin?

Mai Gyara: Ku yi haƙuri in shigo. Ku duka biyu gurbi kuke ƙirgawa, mu kuwa layi muke ƙirgawa. Gurbin PCIe ƙofa ce kawai, layukan da ke bayanta su ne hanyar. Layi 16 na PCIe zubi na 3 suna ɗaukar kusan gigabait 16 a daƙiƙa ta kowane ɓangare, na zubi na 4 kusan 32, na 5 kusan 64. Tambayar ita ce layi nawa furosesar ke fitarwa da kanta. Xeon ɗin da ke cikin Mac Pro ta 2019 layi 64 yake bayarwa. Threadripper Pro 7995WX na AMD yana da ƙwayoyi 96 da layi 128 na zubi na 5. Xeon W-3400 na Intel yana kaiwa ƙwayoyi 56 da layi 112. Su biyun hanyoyin RAM 8 gare su. A ta 2023, gurabu biyu masu layi 16 ne, huɗu masu layi 8, amma abin da M2 Ultra ke fitarwa bai kai jimillarsu ba. Wata na'urar rabo ce a tsakiya take karkasa musu. Katin sauti da katin ɗaukar bidiyo ba za su ji komai ba. Ka cika gurabun da katunan SSD masu gudu, ka sa su aiki lokaci guda, nan za ka ga cunkoso.

Injiniya: Ka ga ni. Ashe ma ƙofofin da aka bari hanya ɗaya suke rabawa.

Mai Gyara: Kar ka yi saurin murna, Injiniya, ta 2019 ma tana da na'urar rabon. Layukan da ake rabawar ne suka fi yawa.

Baba na Situdiyo: Yara, kun fara labarin daga tsakiya. An taɓa yin wannan rigimar a 2013, lokacin da aka fito da Mac Pro mai siffar tulu, wadda mutane suka laƙaba wa kwandon shara. Babu gurbin saka kati ko ɗaya, aka ce mashigan Thunderbolt 2 guda 6, inda ake jona na'urorin waje, sun wadatar. Kyakkyawa ce a ido, amma duk mai katunan sauti sai da ya nemi akwatin waje, da wayarsa, da abin wutarsa, da fankarsa mai ƙara. A ɗakin da ake naɗar murya kuwa ƙarar fanka annoba ce. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A 2017 manyan Apple da kansu suka tara 'yan jarida suka amsa cewa tsarin fitar da zafin ya ɗaure musu hannu: sun gina ta a kan katunan zane biyu matsakaita, duniya kuma ta koma kati ɗaya babba mai zafi. Ta 2019 ban-haƙuri ce. To ni a wajena ta 2023 ba komawa gidan jiya ba ce. Katunan HDX na manhajar sauti Pro Tools suna zama a cikinta, katin SDI na masu bidiyo yana zama, katin sadarwa mai gudu yana zama. Wannan ma ƙari ne, ɗana, ba katin zane kaɗai ake kira ƙari ba.

Injiniya: Baba, ban musa ba. Amma masu haɗa kiɗan fim da ke loda ɗaruruwan muryoyin kayan kiɗa cikin RAM fa?

Baba na Situdiyo: Nan kam ka kama ni. Da yawa 192 ya ishe su, tunda yanzu ana iya janyo muryoyin kai tsaye daga SSD. Amma wanda ya saba da fiye da haka, an rage masa tabarma.

Ɗalibi: Yayyena, ku ba ni dama. Mu masu gwada manhajojin ƙirƙirarriyar basira matsalarmu ƙwaƙwalwar katin zane ce. Katin Nvidia RTX 4090 gigabait 24 gare shi, RTX 6000 Ada 48. Samfurin basirar da ya fi haka girma sai ka haɗa katuna da yawa ka yanyanka shi. A tsarin Apple sashen zane yana iya cin mafi yawan gigabait 192 ɗin nan, Mac Studio, ƙaramar kwamfutar tebur ta Apple, ta 2025 mai M3 Ultra ma an fito da ita da zaɓin 512. A ganina manne RAM ɗin ba rowa ba ce, shi ne ya kawo wannan.

Mai Gyara: Ƙanina, gaskiyarka wajen loda samfurin da yi masa tambaya. Je ka horar da shi ka dawo mu yi magana. Akasarin kayan aikin nan a kan CUDA aka gina su, CUDA kuwa fasahar lissafi da katin zane ce ta Nvidia, kuma tun tsarin Mac na macOS Mojave a 2018 babu direbobi, wato manhajojin da ke tuƙa sababbin katunan Nvidia, a Mac. Ko ta 2019 da Injiniya ke yi wa kirari, katunan AMD kawai take ɗauka a macOS. Mai buƙatar CUDA ya daɗe da komawa kwamfutoci irin su HP Z8 ko Dell Precision ko Lenovo ThinkStation.

Mai Tace Bidiyo: Yawwa, ƙanina, ka ambaci Mac Studio. A 2023 ita da Mac Pro furosesa ɗaya suke ɗauke da ita, RAM ɗaya. Ƙaramar ka ɗora ta a ƙarƙashin allo ka manta da ita.

Injiniya: Hajiya, kin ba ni sanda da hannunki. Idan ƙaramin akwati da babba aikinsu ɗaya, me babban ya ƙara? Gurabu. Gurabun kuma an hana su abubuwa biyu da aka fi buɗe kwamfuta dominsu. Ki tuna Mac Pro ta 2010 da ta 2012: mutane sun yi shekara goma suna sauya musu furosesa, suna ƙara RAM, suna saka SSD da sababbin katunan zane.

Mai Tace Bidiyo: Sai a ce Thunderbolt ya maye gurbin.

Mai Gyara: A'a, Hajiya, nan ban bi ki ba. Thunderbolt 4 gigabit 40 ne a daƙiƙa, bit fa, ba bait ba, bit takwas ke yin bait ɗaya, kuma abin da ake ware wa bayanan PCIe bai wuce na layi 4 na zubi na 3 ba. Thunderbolt 5 ya ninka, amma har yanzu da sauransa kafin ya kamo gurbi mai layi 16. Sai dai kai ma Injiniya, ƙarin nan yana da wa'adi. Mai Threadripper Pro na zubin 5000 da ya so na 7000, sai da ya sauya babban allon da ake dasa sassan kwamfuta a kai, saboda mazaunin furosesar ya canza, ya kuma ajiye RAM ɗinsa na DDR4 ya sayi DDR5 mai gyara kuskure. Me ya rage? Akwati da fanka. Ga wuta: katuna huɗu masu wat 300 kowanne sun cinye 1,200 kafin furosesa ta ce uffan. Kwamfutocin da ke zuwa hannuna bayan shekara biyar ko shida, da yawansu rabin gurabunsu ƙura ce kawai a ciki.

Injiniya: Sauran fa?

Mai Gyara: Sauran irinka ne, sun cika su dam har da neman ƙari.

Baba na Situdiyo: To ɗana, ka janye "duk" ɗin nan da ka fara da shi. Hajiya da bidiyo take cin abinci, ni da sauti, kuma babu wanda a cikinmu ya rasa abin da yake nema a cikin ta 2023.

Injiniya: "Duk" na janye, Baba, don girmanka. Sauran maganar tana nan. Ku kira ta kwamfutar masu bidiyo da sauti, ba zan ce kanzil ba. Amma ranar da samfurina ya wuce gigabait 192, sukudireba zan ɗauko, kuma ina so in tarar da abin da zan kwance.

Ɗalibi: Yaya Mai Gyara, babban allon kwamfutar da nake son saya gurabu 4 ne dogaye a jikinsa. Ta ina zan san layi nawa ke bayan kowanne?

Mai Gyara: Tsawon gurbi ba ya faɗin gaskiya. Buɗe littafin allon, nemi zanen da ke nuna waɗanda suka taho daga furosesa da waɗanda suka bi ta cifset, wato na'urar rabon da ke jikin allon, sannan ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. Sau da yawa a nan ake faɗa maka cewa idan ka saka SSD na biyu, gurbi na uku ya koma layi 4 ko ya mutu gaba ɗaya. Turo mini sunan allon in duba maka.