Wace kalma za mu ba takhallus a Hausa? Misali daga Mirza Galib

Mai Nazarin Waƙa:
Malamai, barkanmu da war haka. Duk mai rubutu kan mawaƙin Urdu Mirza Galib zai ci karo da kalmar takhallus. Sunansa na yanka Asadullah Baig Khan, an haife shi a Agra a 1797, ya rasu a Delhi a 1869. Galib suna ne da ya ɗaukar wa kansa don ya riƙa saka shi a baitin ƙarshe na gazal, wato wani salon waƙa mai baitoci 'yan ƙwar biyu. Irin wannan suna ake kira takhallus. Da fari Asad yake sawa, daga baya ya koma Galib, kuma har yau akwai waƙoƙinsa na Urdu masu ɗauke da Asad. A Hausa ana fassara takhallus da "sunan alƙalami", amma ban gamsu ba. Me kuke gani?

Malama Ta Zazzau:
Malam, a ajiye sunan alƙalami gefe. Shi ana ɗaukarsa ne don a ɓoye marubuci, takhallus kuwa bayyana mai waƙa yake yi a cikin baitin kansa. Wasu ma sunansu na gaskiya suke sawa, kamar Faiz Ahmad Faiz da Muhammad Iqbal. Ni laƙabi zan ce.

Baba Mai Ajami:
'Yata, laƙabi zai haɗa mana abu biyu wuri guda. A 1850 Sarkin Delhi Bahadur Shah ya ba Galib laƙuban Najmud Daula da Dabirul Mulk. Waɗannan girmamawar fada ce, ba a auna su da karin waƙa. Shi kansa sarkin yana da nasa takhallus, wato Zafar, ban da sarautarsa. Malamin waƙar sarkin, Shaikh Muhammad Ibrahim, Zauk yake sawa, kuma bayan rasuwarsa a 1854 ne Galib ya gaji gyaran waƙoƙin sarki. In muka kira duka laƙabi, mai karatu ba zai san wanne ake nufi ba. Inkiya ita ma jama'a ke raɗa wa mutum ita, wannan kuwa mawaƙi ke zaɓa, ko malaminsa ya zaɓar masa.

Mai Nazarin Waƙa:
Allah ya ƙara sani, Baba. To bari a faɗi aikin da sunan yake yi. Gajere ake so, gaɓa ɗaya ko biyu, don ya shiga kowane kari ba tare da ya karya ma'auni ba. Ga Mir, ga Zauk, ga Dag. Sannan ana son ya kasance mai ma'ana, don a karanta baitin ta fuska biyu. Asad zaki ne. Galib mai rinjaye ne, tushensu ɗaya da galaba da galibi na Hausa. Momin Khan, wanda ya rasu a 1852, yakan kawo sunansa kusa da zancen gumaka, sai a ji mumini a tsakiyar abin da bai dace da shi ba, nan armashin baitin yake. Mawaƙin yakan kira kansa kamar wani ne dabam, ya yi masa faɗa ko ya tausaya masa. Kuskuren masu fassara shi ne su fassara ma'anar sunan su zubar da sunan, ko su riƙe sunan su zubar da ma'anar. Saboda haka ne a rubutun Urdu ake ɗora wata 'yar alama a kan kalmar, don a san suna ce.

Ɗan Damagaram:
Ai mu ma marubuta waƙoƙinmu sukan rufe da ambaton sunansu, wasu har da ramzin shekara, wato faɗin shekarar da aka yi waƙar da haruffa. Me zai hana mu ce sunan hatimi? Hatimi shaidar mai abu ce, kuma daga tushen Larabci na rufewa ya fito. Baitin da ke ɗauke da sunan, wanda suke kira makta, sai ya zama baitin hatimi.

Malama Ta Zazzau:
Ya zauna a baki. Damuwata ɗaya: wasu da sun ji hatimi, zanen da ake yi a allo ko laya za su tuna.

Baba Mai Ajami:
Muddin kalmar suna tana gabansa, ba mai ruɗewa. Sai dai a kiyaye bambanci guda. Namu marubucin cikakken sunansa yake faɗa, wani lokaci har da garinsu, a matsayin sa hannu. Nasu kalma ɗaya ce tak da ke aiki cikin ma'anar baitin. Don haka a farkon ambato a rubuta takhallus, a bi shi da sunan hatimi, daga nan a ci gaba da na Hausar. Kuma in baitin ƙarshe bai zo da sunan ba, kada a kira shi baitin hatimi, baitin ƙarshe ne kawai.

Mai Nazarin Waƙa:
Na karɓa, Baba. Jumlar za ta zama: Asadullah Khan ya fara da sunan hatimi Asad, sannan ya koma Galib. Saura radif, kalmar da ake maimaitawa bayan amsa-amo a ƙarshen kowane baiti. Amshi ba zai yi ba, tunda ita a cikin ɗangon take zaune.