Saba a gida ko haya a waje? Muhawarar ma'aikatan sashen kwamfuta kafin buɗe rajista

Mataimakin Darakta: Assalamu alaikum. Ga abin da aka tsayar a zaman safe, saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Za a buɗe rajistar ɗaliban jami'ar nan ta sabon zango nan da mako shida. Takardar neman batiran ɗakin saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafinmu da bayananmu, tana ofishin ma'aji, ba a ce komai ba tukuna. Kwamfutocin ɗakin jarrabawa za a ƙirga waɗanda za su iya ɗaukar Windows 11, tunda Microsoft ta daina tura wa Windows 10 gyara tun 14 ga Oktoban 2025. Saura maganar Injiniya da lokaci bai bari mun ƙarasa ba. Ya ce muddin muka kwashe fotal ɗin rajista, shafin intanet da ɗalibai ke rajista a kai, daga ɗakinmu muka kai shi kulawud, wato muka yi hayar saba a cibiyar wani kamfani, faɗuwar fotal ta ƙare ke nan. Darakta yana son matsayarmu ranar Litinin. Bismillah.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, ina nan a kan bakana. Me ke kashe saba a ƙasar nan in ba wuta ba? Ku tuna Oktoban 2024, babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna yana kwance, na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu. Har sai da muka riƙa kashe saba da dare don a lallaɓa dizal. Ɗalibinmu da ke Legas, wutarsa lafiya lau, ya kasa buɗe shafinmu saboda duhun da ba nasa ba. In wutar ta zo ma ba a tsira ba. Tun Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta kai rukunin Band A, na masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kowane yunit, na'urorin sanyaya ɗakin nan da ba a kashe su dare da rana sun zama ƙorafin ma'aji na kowane wata. Mu ma'aikatan kwamfuta ne ko masu gadin janareta?

Malam na ɗakin saba: Injiniya, sannu da ƙoƙari, amma gudun gara kake yi za ka kai mu gidan zago. Da wane kuɗi ake biyan hayar? Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Babban Banki ya sake ta, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Duk wanda ya ƙulla haya da dala a farkon 2023, kuɗinsa ya ninka sau uku bai ƙara ko faifai ɗaya ba. Kuma ka san gidan nan. Kuɗinmu a asusun bai-ɗaya na gwamnati, TSA, yake, teburi nawa takarda za ta bi kafin a biya? Kamfanin waje ba ya jin “a yi haƙuri, fayil yana ofishin odita”. Wata ya cika, ya rufe. Ita kuwa tamu, tun da aka saya an saya.

Injiniya: An saya an saya, Malam? Batirin da muke roƙo yanzu a Kurmi ake ƙera shi? Faifan da ya mutu bara da naira aka shigo da shi? Dalar nan muna biyan ta tuntuni, a ɓoye ne kawai, kashi-kashi.

Hajiya ta teburin ɗalibai: Ni dai ban san dala ba, layin da ke bakin tagata na sani. Tambaya ɗaya gare ku duka biyun. Yaushe fotal yake faɗuwa? Makonnin farko na rajista har gyangyaɗi nake yi a ofis. Sai kwana ukun ƙarshe, daga hantsi zuwa azahar, yara su cika baranda kowa da waya a hannu wai shafi yana juyawa ba ya buɗewa. Kuma zangon da ya wuce akwai wuta a waɗannan ranakun. Na tabbata, don fankata tana aiki ina fifita wa wata yarinya da ta suma a layi.

Injiniya: Hajiya, wuta a ofishinki ba ita ce wuta a ɗakin saba ba. Layinmu daban.

Ɗan bautar ƙasa: Ranku ya daɗe, a gafarce ni da shiga maganar manya. Makon jiya Malam ya sa ni share tsofaffin bayanan da saba ke rubutawa game da kanta, sai na tsaya na karanta na waɗancan kwana ukun kafin in goge. Saba ba ta mutu ko sau ɗaya ba. Rumbun bayanai ne ya cika da masu jira, har ya daina karɓar kowa. Duk ɗalibin da ya buɗe shafin zaɓen kwas, manhajar tana janyo kwasakwasan jami'a gaba ɗaya, daga likitanci har Larabci, sannan ta tace ta nuna masa na sashensa. Hotunan fasfo kuma a cikin rumbun ake zuba su yadda waya ta ɗauka, ba a rage nauyinsu. Ban goge ba, suna nan idan ana son gani.

Malam na ɗakin saba: Allah ya yi maka albarka, yaro. Kar ka goge.

Mai rubuta manhaja: To, tunda an zo gidana bari in fito. Gaskiya ya faɗa. Haka muka gaji manhajar daga ɗan kwangilar da ya gina ta, lokacin ɗalibai ba su kai haka yawa ba, kuma wallahi na san da wannan matsalar. Sau biyu ina rubuta ta a rahoton zango. Kowane lokaci sai a ce kar a taɓa komai rajista ta matso, bayan rajista kuma sai jarrabawa ta matso. Abin da nake so Injiniya ya duba shi ne, a kulawud gwargwadon abin da ka ci ake cajin ka. Manhajar da ke ɗauko buhu guda don ta auna maka mudu ɗaya, in ka kai ta can ba halinta za ta sauya ba. A nan tana sa mu jin kunya kwana uku, a can za ta turo mana takardar bashi.

Injiniya: Amma can ana ƙara ƙarfi nan take idan cunkoso ya zo, a rage idan ya wuce. A nan sai ka rubuta takarda ka jira wata shida.

Mai rubuta manhaja: Ɓangaren da ke nuna shafi, ƙwarai, ana ƙara masa sabobi cikin mintuna. Rumbun bayanai ba ya rabuwa da sauƙi haka, kuma shi ne ya shaƙe. Sabobi goma a gaba duk ƙofa ɗaya za su taru a kai.

Malam na ɗakin saba: Balle ma doka ta hana a fitar da bayanan ɗalibai ƙasar waje. Magana ta ƙare.

Injiniya: A'a Malam, nan kam ka zarce. Dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ba ta ce haramun ba ne. Sharaɗi ta gindaya, cewa inda za a kai bayanan ya kasance akwai isasshiyar kariya. Wadda ta fi matse mu ita ce ƙa'idar 2013 ta NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, da ta ce bayanan gwamnati a ajiye su a cikin gida. Kuma wa ya ce kulawud dole sai Turai ko Afirka ta Kudu? Galaxy Backbone ta gwamnati ce, tana da cibiya a Abuja da Kano, ga kamfanoni masu zaman kansu a Legas da ke karɓar naira. Ni kaina ban manta 14 ga Maris 2024 ba, ranar da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka katse ta gaɓar Kwaddibuwa, bankuna ma suka rikice. Wanda kayansa ke waje ranar ya ji jiki. Haya a cikin gida nake nufi.

Malam na ɗakin saba: Da safe ba haka ka faɗa ba, kulawud ɗin kamfanin Amazon na Amurka ka ambata. Amma na karɓi gyara a kan dokar.

Hajiya ta teburin ɗalibai: Ku bar ni in ƙara tambayar jahilci. Idan ɗakin nan ya kama da wuta yau, Allah ya kiyaye, ina sakamakon yaran da suka gama shekara goma da suka wuce?

Malam na ɗakin saba: Muna kwafe komai duk dare, Hajiya.

Hajiya ta teburin ɗalibai: A kwafe a kai ina?

Malam na ɗakin saba: Wata na'ura ce daban. A ɗakin take dai.

Injiniya: Ƙarƙashin silin ɗin da ya yi yoyo a watan Agusta. Na gode, Hajiya, kin yi mini aikin da na kasa tun safe.

Malam na ɗakin saba: Wannan kam ba ni da ta cewa. A fitar da kwafin daga harabar nan, na yarda, ko gobe ne. Amma kwafi daban, ɗaukar fotal ɗungurungum ana saura mako shida daban. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataimakin Darakta: To, ga abin da zan kai wa Darakta, wanda bai yarda ba ya yi magana kafin isha. Fotal yana nan gida wannan zangon. Mai manhaja yana da mako biyu ya gyara shafin kwas ya fitar da hotuna daga rumbu, ɗan bautar ƙasa ya taya shi, kuma wannan karon ni zan sa hannu cewa a taɓa. Asabar ta uku za a gwada shi da cunkoson ƙarya mu ga inda zai durƙushe. Injiniya ya nemo farashin ajiyar kwafi daga wurare uku na cikin gida, da naira, a rubuce. Zan kuma roƙi ofishin magatakarda a raba ranakun rufe rajista tsangaya-tsangaya.

Hajiya ta teburin ɗalibai: Ranka ya daɗe, a raba ɗin, amma a duba kalanda. Yaran nan ba lalaci ke sa su jira ba, albashin iyaye suke jira. Tsangayar da aka rufe wa ranar 20 ga wata duk a tagata za ta kwana.

Injiniya: Na amince da tsarin, ban janye maganata ba. Gyaran manhaja zai magance kwana uku, sauran kwanakin shekara janareta ne. A sa mini ita a zaman bayan rajista, zan zo da rasiɗan dizal na shekara biyu.

Malam na ɗakin saba: Ka taho da su. Ni ma akwai fayil ɗin da zan zo da shi.