Girkin gidan Indiyawa marar nama: daga ina ɗanɗanonsa yake fitowa?

Maman Ilham ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. A bara na raka mahaifina jinya birnin Ahmedabad da ke jihar Gujarat a Indiya, inda muka kama hayar ɗaki na wata uku a gidan wata dattijuwa da 'ya'yanta da jikokinta ke kira Ba. Ta haura shekara 70, kuma ta shaida mini cewa tun da aka haife ta nama ko kifi ko ƙwai bai taɓa shiga bakinta ba, haka ma mahaifiyarta da kakarta. Da farko tausayinta na ji, domin a wurinmu miyar da ba nama lami ce, amma kafin mako biyu ni ce nake leƙa kicin ɗinta idan ƙamshi ya tashi. Abincinta na rana bai wuce miyar wake da suke kira dal, da shinkafa, da gurasar alkama marar kauri, da kuɓewa ko kabeji da aka soya sama-sama ba. Da na dawo gida na gwada dal ɗin sau uku, kullum sai ya fito kamar faten wake marar armashi. Me na rasa? Kuma ta yaya mutum zai rayu a kan wannan cima har tsufa ba tare da ya rame ko ya yi marmarin nama ba?

Wani tsohon ɗalibi a birnin Pune na Indiya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ina kyautata zaton abin da kika tsallake shi ne suyar kayan ƙamshi, wadda mutanen Gujarat ke kira vaghar, masu jin Hindi kuma tadka. Bayan waken ya nuna ya narke, sai a ɗora man shanu cokali biyu a ƙaramin kasko, a zuba ƙwayar mastad a jira ta fara fashewa, sannan a bi da ƙwayar ƙamshi da ake kira kumin da hulba da kanumfari da busasshen barkono, a ƙarshe a barbaɗa hing, wani ƙaro mai ƙarfin wari da ɗan mitsitsi ke wadatar da tukunya, a juye duka a kan miyar tun man yana ƙara. Jerin yana da muhimmanci, domin hulba idan ta ƙone ɗaci take yi. Dal ɗin Gujarat kuma ana sa masa mazarƙwaila da wani abu mai tsami da 'yar gyaɗa, don haka tsamiyarmu za ta yi miki aiki.

Amma kada ki sa ran zai zama irin na Ba sak. Kowane gida yana da zagayayyen gwangwanin ƙarfe mai ƙananan kofuna, galibi bakwai, wanda ake kira masala dabba, kuma abin da ke cikinsa da yadda ake ɗibarsa hannun uwa ne ke koya wa 'ya, ba ma'auni ba. Matar mai gidan da na zauna ta taɓa ce mini ta shafe shekaru bayan aurenta kafin mijinta ya daina cewa na mahaifiyarsa ya fi.

Malama mai nazarin abinci ta amsa:

'Yar'uwa, bari in taɓa tambayarki ta biyu. Hatsi da dangin wake suna cike giɓin juna ta fuskar sinadarin gina jiki, shi ya sa dal da shinkafa ko gurasa ba sa rabuwa, kamar dai shinkafa da wake a wurinmu. Sannan yawancin Indiyawa marasa cin nama suna shan madara da kindirmo, suna cin cukun da suke kira panir, kuma daga nan suke samun bitamin B12 wanda tsirrai ba sa bayarwa, ko da yake ƙarancinsa matsala ce sananniya a tsakaninsu. Sai dai a gyara wata fahimta: ba dukan Indiya ce ta bar nama ba. A binciken cibiyar Pew ta Amurka na 2021, kashi 39 cikin ɗari na manya ne suka ce ba sa cin nama, kuma an fi samun su a jihohi irin su Rajasthan da Haryana da Gujarat. Mabiya addinin Jain sun fi kowa tsanani, domin da yawansu ko albasa da tafarnuwa da dankali ba sa ci.

Baban Yaya ya amsa:

Ni a matsayina na wanda ya yi fataucin yadi zuwa birnin Surat da ke Gujarat, batun marmari ne ya fi ɗaukar hankalina. Mutum ba ya kewar abin da bai tashi da shi ba. Abin da yake kewa shi ne tukunyar gidansu. Abokin cinikina, attajiri ne na gaske, amma duk ranar da ya dawo daga tafiya ba abin da yake nema sai khichdi, wato shinkafa da ƙananan wake da ake dafawa tare su yi laushi da kurkum da man shanu, saboda shi mahaifiyarsa ke ba shi idan ba shi da lafiya tun yana yaro. A gidansa ne na ci gurasar gero da ake faɗaɗawa da tafin hannu, rotla, da man shanu da mazarƙwaila, har na rasa ko a Gujarat nake ko a ƙauyenmu bayan girbi.

Maman Ilham ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai. Lallai ni da albasa na soya komai tun farko, kamar miyar dage-dage, kuma ban sa zaƙi ko tsami ba. Hulba da kanumfari da mazarƙwaila duk ina da su. Malam, idan ban samu hing a kantunan kayan Indiya na Kano ba, tafarnuwa za ta iya tsaya masa?