Tatsa ko tsamowa: wace kalma ta dace da fitar da RNA daga gansakuka?

'Yan'uwa masu koyar da kimiyya da Hausa, akwai kalmar da nake so mu tsayar. A ɗakin bincike ana cewa “extraction” idan za a fitar da RNA daga cikin ƙwayar halitta. Yawancin waɗanda na ji suna fassara ta, tatsa suke cewa. Ni a ganina tsamowa ta fi dacewa, kuma aikin da ake yi da koriyar gansakukar ruwan daɗi shi zai nuna dalili.

Gansakuka dai ba gardama, kowa ya san koren nan da ke lulluɓe kududdufi da bakin rijiya. RNA ma a bar shi da haruffansa uku yadda muka bar DNA. Shi ke ɗauko saƙo daga DNA ya kai inda ake ƙera furotin, saboda haka wanda ya same shi da tsabta zai gane waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki a daidai lokacin da aka ɗebo gansakukar.

Ga yadda ake yi. A tara gansakuka a ɗan turmin tangaran da aka sanyaya, a kwarara mata ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Tana daskarewa a niƙe ta ta zama gari, kuma ba a yarda ta narke. Da ta narke, sinadarin RNase, wanda ke cikin ƙwayar kanta kuma yake a tafin hannun mutum, zai cinye RNA kafin a ankara. Dalilin sa safar hannu ke nan.

Daga nan a zuba garin cikin TRIzol, ruwan da aka haɗa bisa hanyar da Chomczynski da Sacchi suka wallafa a 1987. A ƙara kulorofom, a girgiza, a saka a injin da ke wulwula kwalabe. Kwalbar za ta fito hawa uku. Can ƙasa furotin ne da maiƙo da yawancin launin. A tsakiya wani siririn fari-fari, nan DNA yake taruwa. A sama ruwa garau, shi ke ɗauke da RNA. Mai aiki zai sa bakin bututu a hankali ya zuƙe na saman, hannu ba ya rawa, gara ya bar kaɗan a baya da ya taɓo na tsakiya.

To wannan fa ba tatsa ba ce. Mai tatsa yana gamawa saniya na tsaye da ranta, nonon kuma shi kaɗai ya fito. A nan kuwa an farfasa ƙwayar, duk abin da ke cikinta ya cakuɗe a ruwa, sannan aka ɗauko abu guda aka bar saura. Bahaushe na da kalmar wannan tun fil azal, ita ce tsamowa. Ɗalibin da aka ce wa tatsa zai zaci RNA na fitowa da tsabtarsa, alhali raba shi da datti shi ne duk wahalar.

Wata malama ta kawo tacewa, kuma malama tana da hujja, domin akwai hanyar da ake bi da ruwan ta cikin 'yar matata ta silika. Amma mu adana tacewa, za mu buƙace ta ga aikin matata kansa. Haƙowa kuwa a bar wa masu ma'adinai.

Gansakuka mai yawan launi ita ta ƙara mini ƙarfin gwiwa. Ku duba Haematococcus pluvialis, mai zama a 'yan ramukan da ruwan sama ke kwanciya. Koriya ce shar in ta sami yadda take so. Rana ta tsananta, abinci ya ƙare, sai ta tara jan sinadarin astazantin, ta koma jawur, bangon ƙwayarta ya yi kauri har niƙa ya zama aiki. Idan aka cika gari a kwalba, launi da sinadarai masu yauƙi sukan haura cikin ruwan da ke saman kwalbar. Bayan an zuba isofurofanol, sinadarin da ke sa RNA ya dunƙule ya rabu da ruwan da aka zuƙo, ɗan gudan RNA da ya kamata ya kwanta fari a gindin kwalba sai ya fito da kala ko yana danƙo. Na'urar awo ma ta tona asiri: kason 260 bisa 230, wato ma'aunin tsabtar RNA, da ake so ya kai 2 ko ya ɗan haura, sai ya faɗi ƙasa. Magani shi ne a maimaita kulorofom, ko a koma hanyar CTAB, wani sinadari mai aiki kamar sabulu, da gishirin litiyom. A Hausance sai a ce “a sake tsamowa”, kuma duk ɗalibi zai gane abin da hannunsa zai yi.

Abin da ya rage mana shi ne “pigment”. Launi abin da ido ke gani ne, mu kuwa sinadarin da ke ba da launin muke nufi, kamar kulorofil mai ba ganye kore, da astazantin. Ni na karkata ga rini, domin abu ne da ake iya kamawa a ware, kuma yana ɓata abin da ya taɓa. Jimlar da nake ba da shawara ita ce: tsamo RNA daga koriyar gansakuka mai yawan rini. Malamanmu na Hausa da na ilimin halittu, rini ya zauna muku a kunne, ko kuna da wadda ta fi shi?