Waɗanda suka haɗa botin ɗin sitiyari da Android ko kwamfutar mota, ku zo ku faɗa mana yadda kuka yi

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Camry ce da ni 2008, wacce ake ce wa Muscle, na cire rediyon da ta zo da shi na sa babban sikirin ɗin nan na Android, komai yana yi, kyamarar baya, Bluetooth, taswira, amma botin ɗin sitiyari ko ɗaya ba ya amsawa, ba ƙarin murya ba ragewa ba canja waƙa. Wanda ya haɗa min ya ce wai haka suke sai dai in haƙura, ni kuma ban yarda ba don ina yawan hawa titin Kano zuwa Kaduna kuma miƙa hannu kan sikirin kana gudu ba ƙaramin haɗari ba ne. Don Allah duk wanda ya taɓa yi da hannunsa ko aka yi masa a gabansa ya faɗa mana abin da ya gani, kowace irin mota ce.

Mai Wayarin Kaduna:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ba gaskiya ba ne a ce haka suke, aikina ke nan kullum. Kafin a taɓa komai sai an san wace iri ce motar, don kashi biyu ne. Akwai masu aiki da resista, kowane boti in ka danna yana ba da nasa awon daban sai rediyo ya gane wanne aka taɓa, yawancin Toyota da Honda na zamanin motarka haka suke. Akwai kuma masu CAN, su saƙo suke turawa ta kwamfutar mota. Taka ta farkon ce. A bayan tsohon rediyon akwai soket mai baki 20, a ciki akwai waya uku, SW1 da SW2 da SWG, a lamba 7 da 8 da 6. Shi kuma Android ɗin in ka juya bayansa za ka ga wayoyi an rubuta KEY1 da KEY2 da GND (wato negetif), galibi za ka tarar an naɗe su da salatif an bar su suna lilo don masu haɗawa da yawa soket biyun nan na wuta da sifika kawai suke jonawa su ɗaure dashbod su karɓi kuɗi. KEY1 ya tafi SW1, KEY2 ya tafi SW2, GND ya tafi SWG. Daga nan a shiga saitin sitiyari a sikirin, ka danne boti ka riƙe, ka taɓa aikin da kake so ya yi, ɗaya bayan ɗaya, kuma kar a manta a danna ajiyewa a ƙarshe in ba haka ba kana kashe mota komai ya goge.

Abu Sadiq:
Oga ya faɗi gaskiya, ni Corolla ce 2010 kuma a gabana aka yi. Abin da zan ƙara shi ne maganar GND ɗin nan don ita ta wahalar da mu. Yaron da ya fara yi min ya ɗaure ta a jikin ƙarfen bodi kawai ya ce ai duk negetif ne, da rana lafiya lau komai na yi, amma da dare ina kunna fitila sai ƙarin murya ya koma canja tasha, wani lokacin ma ba ka taɓa komai ba muryar ta riƙa sauka da kanta kamar wani na zaune yana ragewa. Da na kai wajen wani dattijo mai wayarin bai ma yi dogon bincike ba, ya kwance wayar daga bodi ya mayar da ita kan SWG ya sa dalmar solda ya rufe, ya sake koya wa sikirin botin ɗin da injin a kunne, shi ke nan har yau ban sake jin komai ba. Ya ce min bambancin awon kaɗan ne shi ya sa wuta ta ɗan motsa sai rediyo ya ruɗe.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da aiki. Ni Golf 5 gare ni da ta shigo ta Kwatano, duk wannan KEY1 KEY2 ba ya aiki gare mu, mun gwada ba ko alama. Sai da aka samo ƙaramin akwatin nan baƙi na CAN da ke zuwa da soket ɗin Volkswagen, kuma ko da aka jona shi bai yi ba sai da aka shiga saitin masana'anta aka zaɓi sunan kamfanin akwatin da irin motar, nawa Raise ne aka rubuta a jiki, akwai Hiworld akwai Simple Soft. Ana zaɓa sikirin ya mutu ya tashi, botin suka kama, har buɗe ƙofa yana nunawa. Wani abu kuma, a Golf ɗin nan ko kunnawa da kashewar rediyo da makulli ta CAN yake bi, saboda haka masu jona wuta kai tsaye don su guje wa sayen akwatin suna kashe wa mutane batir cikin dare. Mai Peugeot 407 ma ya nemi akwatin motarsa tun wajen saye, kar ya bari sai an kwance dashbod.

Maman Sultan:
Ni nawa daban ne, ku yi haƙuri in shigo. An haɗa min daidai a Honda ta yana yi wata da watanni, sai ya fara in na juya sitiyari hagu ya ɗauke in na miƙe ya dawo, can sai hon ma ya fara haka, sannan fitilar airbag ta kama a dashbod ta ƙi mutuwa. Na ɗauka sikirin ne ya lalace har na fara tambayar kuɗin sabo, ashe ribon ɗin cikin sitiyari ne ya tsage, wannan siririyar wayar mai kama da tef da take naɗe a cikin wani faifai a bayan sitiyarin, duk wayoyin boti da hon da airbag ta cikinta suke wucewa. Bakaniken ya nuna min wajen da ya karye, layi biyu sun rabu. Aka sa na Beljiyam komai ya dawo. Don haka Baban Ilham in an jona wayoyin bai yi ba a duba hon ɗinka ko yana yi a kowane juyi.

Mai Wayarin Kaduna:
Hajiya kin taɓo wajen da nake jin tsoro wa mutane. Don girman Allah duk wanda zai buɗe sitiyari ya cire kan batir na negetif tukuna ya jira aƙalla daƙiƙa 90 in Toyota ce, minti uku in Honda ce, kuma duk soket ko waya mai rigar rawaya ta airbag ce, ba a sa mata mita ba a sa mata fitilar gwaji, ƙaramar wutar mita na iya tayar da ita a fuskar mutum. Sannan sabon ribon sai an saita shi a tsakiya tayoyi na kallon gaba kafin a ɗaura, in aka ɗaura a karkace juyin farko da ka kai ƙarshe zai sake tsinkewa. Shi aikin Alhaji ma bai kai nan ba, a bayan rediyo kawai za a yi shi.

Injiniya Zariya:
To ni ba Android na kasuwa na sa ba, ƙaramar kwamfuta ce na ɓoye a ƙarƙashin kujera da sikirin mai taɓawa a dashbod, ita kuma ba ta da KEY1 ba ta da komai sai USB. Abin da na yi, na sa mita tsakanin SW1 da SWG ina danna botin ɗaya ɗaya ina rubutawa, na waƙar gaba kusan sifili, na waƙar baya wajen ohm 330, ƙarin murya wajen 1000, ragewa wajen 3100, in ba a danna komai ba wajen 100,000. MODE shi yana kan SW2. Sai na ɗauko Arduino Pro Micro, wani ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa kod, shi nake ba kowa shawara ko Leonardo saboda kwamfuta tana ganinsu kamar kibod ne kai tsaye ba sai an sa wata manhaja ba, Uno ba ya yin haka cikin sauƙi. Na sa resista ta 1000 daga ƙafar 5V zuwa ƙafar A0 ta allon, na jona SW1 a A0 ɗin, SWG a GND, SW2 na MODE shi ma haka na yi masa a wata ƙafar. Arduino yana karanta lamba daga 0 zuwa 1023, sai na ga na gaba yana ba da kusan 0, na baya wajen 250, ƙari wajen 510, ragewa wajen 770, hutu kuma sama da 1000. A cikin kod ɗin kar ka ce lamba kaza cif, ka ba kowane boti tazara sama da ƙasa don zafi da tsufan botin suna sa awon ya ɗan gusa, kuma ka sa ya karanta sau biyu da ɗan jinkiri a tsakani kafin ya tura, in ba haka ba lokacin da yatsa ke sauka lambar tana ratsawa ta gidan wani botin sai ya tura umarnin da ba ka ba shi ba. Daɗin wannan hanyar kai ke da iko, ni na sa dannawa ɗaya a MODE ya tsayar da karatu ko waƙa, dogon danni ya buɗe taswira.

Abu Sadiq:
Injiniya Allah ya ƙara basira. Ƙanena yana son yi da ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, shi ma haka zai jona?

Injiniya Zariya:
Amin. A'a Malam, Pi ba shi da ƙafar karanta irin wannan awon, ko dai ya sa masa ɗan abin karanta awo irin ADS1115 ko MCP3008 a tsakani ko kuma ya bi ta Arduino ɗin da USB, na biyun ya fi sauƙi. Ya kula kuma ƙafafun Pi 3.3V suke ɗauka, kuma cikin wayoyin da ke fitowa daga sitiyari akwai ta hasken botin wacce ke kawo wutar mota in an kunna fitila, ya auna kowace waya da fitila a kunne kafin ya kusantar da ita da allon.

Ɗan Maraɗi:
Injiniya mu masu CAN fa, in mutum yana son kwamfuta irin taka?

Injiniya Zariya:
Ana yi, amma sai ka ƙara ƙaramin allo na MCP2515 a kan Arduino ka jona CAN-H da CAN-L na bayan rediyo, ka zauna kana danna boti kana kallon wane saƙo ne ke canjawa cikin ɗimbin saƙonnin da ke wucewa, ka rubuta lambarsa. Sauraro kawai za ka sa shi ya yi, kar ka tura komai cikin layin motar. In ka tashi yi ka turo hoton soket ɗin bayan rediyonka in nuna maka wayoyin biyu, a murɗe suke da juna.